Ɗaliban Ajin Gabas

Hoto aka aiki Malam Fa'izu ya ɗauko, hoton wani tsohon gini, shi ke nan.

Wanda ya aike shi Malam Mamuda ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya yake zaune a Talata Mafara. Ƙafa ta ƙi, ido ya fara tafiya, amma kai na nan daram. Tsohon ya ɗaura aniyar tattara tarihin tsofaffin makarantun ƙasar, daga Mafara zuwa Bakura har Maradun, waɗanda aka gina tun zamanin En'e, kafin damina da ɓarayin kwano su ƙarasa su. Na ko'ina ya samu, saura ɗaya: elemantaren garin su Fa'izu, can cikin lungu tsakanin Bakura da ƙasar Janbako. Sunan garin kuwa ku bar ni da shi. Ba kowa a cikinsa tun shekarar da 'yan bindiga suka tashe shi, kuma ba na son wani mai karambani ya ce zai je ya gane wa idonsa.

"Kai kas san wurin, can kak karantar," in ji tsohon bayan sun gama doguwar gaisuwa. "Dutsen da ke bisa ƙohwa nika so, wanda anka rubuta shekara. Da bakan gizon cikin zaure, wanda ke riƙe da azara. Ka tahi da hantsi, ka komo da azahar. Kana jina, Fa'izu?"

"Ina ji, Baba."

"Ba sai na tuna maka zancen ajin gabas ba."

"Ba sai ka tuna min ba."

Bai yi musu ba, don yanzu ba ya musu da kowa. Ka ce zauna, ya zauna. Ka ce tashi, ya tashi. Tun da ɗiyarsa Ikram ta rasu a ɗakin hayar da suka kama a Mafara, 'yan makonni bayan gudun, zazzaɓi ya zo ya ɗauke ta kamar wasa, ko hawaye ɗaya mutumin nan bai yi ba. Mutane suka yi ta yaba masa, wai tawakkali. Wane tawakkali! Ƙafar da aka daɗe zaune a kanta ce, ka mintsine ta ba ka ji. Tuwo da ƙasa duk ɗaya a bakinsa. Matarsa Shatu ma haka take. Yarinyar kaɗai Allah ya ba su, sai suka rage su biyu kamar tsofaffin katangu da suka jingina da juna, in ɗaya ta faɗi ɗayar ba za ta kai labari ba.

Ranar Talata ce, kasuwa ta fara ci. Ya turo babur daga soro, Shatu na zaune tana tsintar shinkafa a faifai.

"Ina za ka?"

"Gida."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta ɗago ba.

"Ka komo da rana," ta ce. "Ba ni da kowa garin ga, ka sani."

"In Allah ya yarda."

Zancen ajin gabas kuwa, ga shi yadda manya suka ba da shi. Lokacin da Turawa suka matsa wa hakimin garin sai an yi makarantar boko, hakimi bai so ba, bai kuma isa ya ce a'a ba. Sai ya yi irin dabarar manya, ya ba su filin da ko akuya ba a ɗaurewa, wani tudu mai tsamiyoyi gabas da gari wanda kowa ya san da masu shi. Aka ɗauko magina daga Sakkwato. Suka kwaso dutse daga rafi suka yi tushe, suka ɗora tubali, suka saro azara daga giginyun fadama. Zaure da azuzuwa uku suka tsaya lafiya lau. Na huɗun, na gabas, a gina shi da rana, a wayi gari a tarar da shi a ƙasa, tubalan a jere tsaf kamar an kasa su za a sayar. Da abin ya ishi jama'a aka kira wani malamin zaure, ya yi kwanaki yana wuni a wurin, sannan ya sauko da sharaɗi. Masu wurin sun ce su ma suna da 'ya'ya. Rana ta 'yan Adam ce, daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba tasu ce. Malamin da ya yi darasin ƙarshe kada ya goge allo, ya bar musu su kwafa. Kuma kada malami ya shiga ajin bayan la'asar. In tsautsayi ya shigar da shi har ya ji gaisuwa, kada ya amsa, ya fita da baya. Dalili kuwa, allo kaɗai aka ba su, ba a ba su malami ba, kuma suna so.

Tun daga ranar gini ya tsaya. Aka yi samun 'yancin kai, aka yi mulkin soja, aka cire rufin ƙasa aka sa kwano, aka sauya wa makarantar suna ba sau ɗaya ba, amma ba hedimastan da ya taɓa soke wannan doka. Fa'izu da kansa ya sha barin rubutu a allon ya dawo da safe ya tarar da shi fes. Malamai sukan yi ta raha a ofis, wai ɗaliban yamma sun fi na safe hankali. Ana dariya, amma la'asar na yi kowa ya kama gabansa.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kafin ya kai Bakura taya ta yi faci. Ya tura babur har gari, ya tarar mai facin ya tafi jana'iza. Ya zauna a gindin darbejiya yana jira, bai ƙosa ba, bai kuma nemi wani ba. Da aka gama gyara ya yi azahar, ya yi zaman banza har la'asar ta same shi a nan. Mai facin ya tambaye shi inda ya nufa, da ya ji sunan garin sai ya dube shi, ya dubi rana.

"Yanzu? Malam, ka bari sai gobe mana."

"Ba daɗewa zan yi ba."

Mai tsoro da ya juya. Shi kuwa tsoron ne babu, kuma ina gaya muku, rashinsa ba jarumta ba ce.

Hanya ta bar kwalta ta shiga jan burji, burjin ya koma turbar shanu. Bai gamu da kowa ba. Gonaki duk sun koma saura, ba huɗa ko ɗaya, ga shi farkon damina. Hadari na haɗuwa a gabas, iska na kawo ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri. Da ya shiga garin sai ya kashe babur, don ƙararsa ta yi yawa. Tafasa da rai-ɗore sun cinye hanya. Ƙofofi a buɗe, wasu ƙyauren ma an ɓalle. Wani turmi na kwance a tsakar titi, gara ta ci rabinsa. Ya wuce ta ƙofar gidansa yana tura babur, bai ko waiwaya ba.

Makarantar na nan bisa tudunta, tsamiyoyi kewaye da ita. Ya jingine babur, ya zaro waya. Ya ɗauki hoton dutsen saman ƙofa, shekarar na nan da lambobin Turawa, ƙarƙashinta kuma da ajami. Ya shiga zaure ya ɗauki bakan gizon, ko da yake tsakiyar rufin ta rufta, warin kashin jemage kamar ya kayar da mutum. Azuzuwa ukun duk an kwashe musu kwano, an bar azara tsirara. Ya ɗauke su.

Ajin gabas kuwa ko ƙusa ɗaya ba a zare ba. Ɓarawo ma ya san inda yake sata.

Ruwa ya fara ɗigowa, manya-manya, ɗai-ɗai. Fa'izu ya ce wa ransa waya za ta jiƙe, kuma nan ne kaɗai mai rufi. Ƙarya yake yi wa kansa. A ajin nan Ikram ta yi shekararta ɗaya tak ta makaranta, a benci na uku wajen taga, kuma bencin yake son gani.

Ya tura ƙofa. Ba ta yi ƙara ba.

Ajin a share yake. Ba yanar gizo, ba kashin jemage, ba ko ganye ɗaya. Bencina a jere, layi-layi. Ƙamshin alli ya cika wurin, da wani ɗan wari kamar tokar murhu da aka yayyafa wa ruwa. Allon baƙi ƙirin, an goge shi har yana ƙyalli. A kan teburin malami akwai alli guda, sabo.

Ƙafa ta san hanyarta. Ba tare da ya yi shawara da kowa ba ta kai shi gaban aji. Ya ajiye waya a kan tebur kamar yadda yake ajiye littafi, ya juyo.

Bencina suka yi ƙuuu, gaba ɗaya, irin ƙarar da suke yi in yara sun miƙe.

"Sannu da zuwa, Maaalam."

"Yawwa, ku zauna."

Sabo turken wawa. Maganar ta fita kafin ya san ya buɗe baki. Shekara da shekaru yana faɗinta kowace safiya, bakinsa bai tsaya neman izini ba.

Katako ya yi ƙara, benci bayan benci, nauyi na sauka a kai. Idonsa na kallo, ba kowa. Ƙofa ta rufe kanta a hankali, irin rufewar yaro mai ladabi.

Ya tsaya. Ya san abin da ya yi. Ya jira tsoro ya zo, bai zo ba. Ruwa ya kece a kan kwano, amma sai yake jin sa can nesa, kamar a wani gari ake yi.

"Malam, mun daɗe," wani ya ce da raɗa daga baya.

"Mun daɗe ba a rubuta muna komi ba."

"Mun daɗe."

Ya dubi ƙofa. Da a lokacin ya nufe ta da baya, wataƙila da labarin ya ƙare nan. Sai wata 'yar murya ta taso daga benci na uku, wajen taga.

"Malam, ban ganin allo."

Allah Sarki. Haka take cewa kullum, don gajera ce, kuma wata doguwar yarinya ke zama gabanta. Har yadda take jan numfashi kafin ta yi magana, har 'yar shaƙewar hancin nan da ba ta rabuwa da ita.

"Komo gaba," ya ce.

Tafin ƙafa ya taka siminti, ƙananan sawu marasa takalmi, taf, taf, taf. Bencin gaba ya yi 'yar ƙara.

Fa'izu ya ɗauki alli.

Kada ku ce bai sani ba. Shi ya ɗauke ta a hannunsa, shi ya sa ta a rami, shi ya jera itace. Ya san ba ita ba ce. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya juya ya rubuta baƙaƙen farko, ya nuna da yatsa.

"Ba, be, bi, bo, bu."

"Ba, be, bi, bo, bu," aji ya amsa.

A cikin amsar ya fara tsintar muryoyi. Ga ta ɗan maƙwabcinsa da yanzu yake tura baro a Gusau. Ga ta wata yarinya da aka kai Bakura wajen kakarta. Ga tasa ma, tasa ta ƙuruciya, siririya. Akwai wasu masu irin lafazin mutanen da, waɗanda masu su sun daɗe da zama ƙasa. Duk yaron da ya taɓa buɗe baki a ɗakin nan, masu wurin sun kwafe muryarsa kamar yadda suke kwafe allo. A gaba kuma, kusa da gwiwarsa, tata ta fi kowace fita.

Ya ci gaba. Ya gama baƙaƙe ya shiga haɗa kalmomi. Ya cika allo, ya waiwayo ya tambaya ko an gane, kafin ya juya an goge, sai ya sake. Hasken taga ya yi ja, ya koma ruwan toka, ya tsaya a nan bai ƙara motsi ba. A da, kiran sallar magariba ne ke tashin su. Yanzu garin ba ladan.

Allin ba ya raguwa. Yatsunsa ne suka yi sanyi, fari ya haura har wuyan hannu. Ƙafafunsa ba ya jin su. Shatu ta faɗo masa a rai sau ɗaya, da faifanta, sai ya ji kamar labarin matar wani ake ba shi. Ba ya jin yunwa, ba ya jin ƙishirwa. Tun rasuwar yarinyar bai taɓa samun wurin da ya dace da shi kamar nan ba, inda ba mai tambayarsa ya ya ji da haƙuri.

Da zai zauna har abada, wallahi. Kwaɗayi ne ya cece shi. Muryar ba ta ishe shi ba, yana son ƙari.

Ya ajiye alli, ya tsuguna gaban bencin farko. Wani sanyi na fitowa daga wurin, kamar ka leƙa bakin randa.

"Ikram."

"Na'am, Malam."

"Ba komi yau. Ce mini Baba."

"Na'am, Malam."

Doka ce shi ya kafa mata, irin ta duk malamin da ɗansa ke ajinsa. Daga ƙofar makaranta ba Baba, sai Malam, kada sauran yara su ce ana bambanci. Ta kuwa kiyaye. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskurewa a cikin ɗakin nan ba. Sai sun sauka tudu take riƙe masa ɗan yatsa ta saki baki.

"Ɗiyata," ya ce. "Sau guda. Ce Baba."

"Malam, in tahi in sha ruwa?"

"Innarki na gida. Kin tuna innarki? Mi as sunanta?"

"Malam, Rahama ta ɗauke min fensir."

"Ikram."

"Malam, na gama. Malam, ban ganin allo. Malam, in tahi in sha ruwa? Malam, na gama. Malam. Malam."

Abin da bango ya ji, shi kaɗai gare su. Yarinyar da ke hawa bayansa yana sujada, mai ɓoye masa hula a cikin tukunya, mai kiran Baba tun daga soro, ba ta nan. Ba ta ko'ina a duniyar nan.

Nan ne abin ya fashe. Wani zafi ya taso masa daga ciki, ya durƙushe yana kuka irin na ƙaramin yaro, da majina da komai. Ƙafar da ta mutu in jini ya dawo mata, ai kun san yadda take yi. Da zafin ya dawo, tsoro ya biyo shi a baya.

"Malam na kuka," wani ya ce.

Aji ya yi dariya. Dariyar ba ta yara ba ce.

Ya ɗago. Bencina sun matso. Layin farko na taɓa gwiwarsa, na baya sun rufe hanyar taga.

Ya miƙe, ya nufi ƙofa.

"Ba a tashi ba, Malam."

Wannan muryar daga sama ta zo, daga wajen azara, mai kauri, tsohuwa.

Ya kama mariƙin ƙofa. Kamar an gina ta cikin bango.

Ya ce bari ya kira sallar da kansa. Ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki.

"Ba, be, bi, bo, bu," bakinsa ya ce.

Aji ya amsa masa.

Ya nemi a'uziyya. Ya nemi Ayatul Kursiyyu da ya haddace tun bai san kansa ba. Suna nan a zuciya, amma harshe ya ƙi, baƙaƙe kaɗai ke fita.

Sanyin nan ya taɓa masa ɗan yatsa. Ya riƙe.

"Malam, ci gaba."

To, abin da ya shigar da shi, shi ya ba shi dabarar fita. Malami ne, kuma duk malami ya san yadda ake barin aji ba a tashi ba. Ya share fuska da hannun riga. Ya koma gaban allo ya ɗauki alli. Ya shiga zuba lissafi, tarawa da ɗebewa, sau da rabawa, dogaye masu wuya, tun daga wannan gefe har wancan, daga sama har inda hannu ya kai ƙasa. Bai bar wurin da ƙuda zai sauka ba. Sannan ya juyo, ya haɗe rai, ya nemo muryar da yake tsawata wa 'yan aji shida.

"Kowa shi duƙa shi yi. Wanda yaɗ ɗaga kai, ni da shi. Ina zuwa."

Sai ƙarar rubutu ta tashi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ko'ina a ɗakin, har daga saman azara.

Sanyin ya saki yatsansa.

Ya ja da baya. Ya laluba. Ƙofa ta buɗe.

Ƙafarsa ɗaya na waje, 'yar muryar ta ce, a hankali, ba ta ɗago ba:

"Malam, kak ka daɗe."

Saura ƙiris ya koma. Allah ne shaida, saura ƙiris.

Ya faɗa cikin taɓo, ya tashi, ya ruga. Babur ya ƙi tashi, ya tura shi gangaren tudu ya haye, injin ya kama a ƙasa. Sai da ya wuce gonakin ƙarshe sunan Allah ya dawo bakinsa, ya yi ta faɗinsa da ƙarfi kamar mahaukaci har ya hau kwalta. Wayar kuwa tana can kan tebur, da dutsen ƙofa da bakan gizo da duk abin da aka aike shi ɗaukowa.

A lissafinsa, magaribar Talata ce. Da ya shigo Bakura ya tarar da rana tsaka, mutane na fitowa daga sallar Juma'a.

A gida ya samu tabarmi a ƙofa, maƙwabta zaune ana jajantawa, don kowa ya ɗauka mutanen daji ne suka ɗauke shi. Shatu na cikin ɗaki. Tun ranar Talata ba ta sa komai a bakinta ba, in ji mata. Da ta gan shi ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta kama hannunsa na dama ta duba farin da ke kai, ta ɗebo ruwa ta wanke, ta sa sabulu ta sake. Har yau farin bai fita ba.

Washegari ya je wurin Malam Mamuda hannu rabbana. Tsohon bai tambayi hoto ba.

"Ka amsa?"

"Na amsa, Baba."

"Da za ka hita, mi kac ce musu?"

"Na ce ina zuwa."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Fa'izu, yaro ba shi mance alkawali. Balle waɗanga." Sannan ya ce, "Makarantar ga ba ta shiga tarihina. A bar ta inda take. Kai kuma ka riƙe bakinka."

Ya riƙe, ga kowa ban da mutum ɗaya. Yanzu yana kuka, yana jin ɗanɗanon abinci, yana firgita in an buga ƙofa. Shatu na ganin mijinta ya dawo mutum, ita kuwa tana nan inda ya bar ta, sai ya ga kamar zalunci ne ya ɓoye mata. Wata la'asar suna zaune a tsakar gida, ya kwashe labari ya ba ta, tun daga faci har tudu. Ya gaya mata ba ita ba ce. Ya maimaita, ya rantse, ya ce kwaikwayo ne kawai, ko sunan uwarta abin bai sani ba.

Shatu ta saurara har ƙarshe, hannu a kan cinya.

"Amma muryatta ce?"

"Shatu, na ce miki ba ita ba ce."

"Na jiya. Muryar nika tambaya. Ka ji ta da kunnenka?"

Ya kasa yi mata ƙarya.

"Na ji."

A karo na farko tun rasuwar yarinyar, ya ga haske a idon matarsa. Da ma bai gani ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta na unguwa, ta sa takalmi, ta tsaya a gabansa.

"Ni ko Malam ta ce mini, ya ishe ni," ta ce. "Tashi ka kai ni."

Ya sayar da babur a satin. Aikin koyarwa da aka nemo masa a wata makaranta ya ce ba ya so. Duk la'asar sakaliya za ka same shi zaune a bakin soro, ya miƙe ƙafa ya tare ƙofa, masu wucewa na cewa Malam na shan iska. A bayansa, cikin soron, Shatu ce tsaye da mayafinta. Ba ta faɗa, ba ta roƙo, jira kawai take yi ya gaji.